Namijin Tururuwa a Bakin Taga

Shagon Mai Agogo yana ƙarƙashin matakalar wani dogon bene, ɗan lungun da in ka miƙe tsaye a ƙuryarsa kanka zai gaisa da siminti. Tun da wayoyi suka karɓe aikin faɗa wa mutane lokaci, masu leƙo shi suka ragu, sai mai neman batir, ko wani dattijo da ya ƙi rabuwa da agogon da ya gada. Sauran yinin nasa ne. Yakan zauna agoguna na ta ƙas-ƙas a bango, kowanne da nasa ra'ayin, ya buɗe tsohuwar kwamfutarsa ya duba tururuwa.

Ba a makaranta ya koya ba. Bayan rasuwar matarsa ne wata baƙar tururuwa ta ratsa teburinsa, don rashin abin yi ya ɗora mata gilashin da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo. Abin da ya gani ya tsayar da shi: gaɓoɓi, gashi, siririn ƙugu, komai zaune a wurinsa kamar aikin gwani. Neman sunanta ya kai shi wani shafin intanet inda mutane ke ɗora hotunan ƙwari, masu sani su faɗi irinsu. Ya shiga yana mai tambaya, ya yi ta karatu yana tuntuɓe, har sannu a hankali ya koma mai ba da amsa. Ya fi ƙwarewa a kan manyan nan da ake kira tururuwar katako, masu fafe itace su yi gida a ciki. Irinsu yawa gare su. Wasu a bishiya suke zama, wasu a ƙasa, wasu kuma a katakon gidan mutane in ya sha laima.

Doka guda gare shi a shafin, ba ya karya ta: ba ya faɗin irin namiji daga hoto. Ma'aikata, wato matan nan marasa fiffike da ake gani suna jigila, su ake ganewa, ta siffar kai da launin jiki da yadda gashi ya kwanta. Mazan kuwa duk ɗaya ne a ido, ƙaramin kai, ƙwala-ƙwalan idanu, fukafukai, na wannan iri da na wancan kamar an tsaga kara. Ba su aiki, ba su cizo. A ciyar da su a cikin duhu har ranar da za su tashi neman sarauniya, daga nan su mutu inda suka faɗi. Masanan da suka rubuta littattafai ma ma'aikatan suka fi siffantawa. Saboda haka amsarsa ga kowa iri ɗaya ce: "Namiji ne, dangin tururuwar katako. Ba a gane irin namiji daga hoto. A nemo ma'aikata." Ya maimaita ta har mutanen shafin suka laƙaba masa suna Baba A-Nemo. Bai ji haushi ba. Kama da wane ai ba wane ba ne.

Wata safiya yana share tebur wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsa ce.

Ita kaɗai Allah ya ba shi. Tana aure a wani gari mai nisa, tafiyar yini a mota. Lokacin da uwarta ke kwance a asibiti, ita 'yar tana da tsohon ciki, kullum takan kira ta ce, "Baba, in taho?" Shi kuma ya ce, "Likita bai tabbatar da komai ba tukuna." Gaskiya yake faɗa. Ta iso an riga an binne. Ba ta yi masa ihu ba, a bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Kai sai ka tabbata kake magana, ko da gida na cin wuta." Tun daga nan abin da ke tsakaninsu bai wuce gaisuwar layi ɗaya ba, jefi-jefi. Jikarsa kuwa sau ɗaya ya gan ta, tana cikin tawul.

Yau saƙon ya fi layi ɗaya, har da hoto. "Baba ina kwana. Kullum da safe ina samun waɗannan a bakin tagar ɗakin yarinya, wasu matattu. Babanta ya ce gara ce. Mece ce?"

Kallo ɗaya ya ishe shi. Ba gara ba ce, gara ba ta da wannan ƙugun. Namiji ne, kwance a kan farin fenti, fukafukai a buɗe. Yatsunsa suka kama rubuta amsar da suka saba ba tare da sun shawarce shi ba. Ya kai "A nemo" sai ya tsaya, ya zuƙo hoton don ya ƙara duba kan. Hannunsa ya goce, hoton ya zame gefe. A bayan tururuwar ga gefen labule ruwan ƙwai, ga ƙarfen gadon yara, ga kuma ɗan takalmi ja guda ɗaya, an taka bayansa ya kwanta, irin na yaron da ba ya jira a sa masa.

Ashe tana tafiya. Ya san ya kamata a ce tana tafiya, amma sani daban, gani daban.

Ya goge abin da ya rubuta. Ya sake: "Uwata, ba gara ba ce. Namijin tururuwar katako ne. Ki ɗauko min shi ta gefe in gani."

Washegari hoton gefe ya zo. Ya nemi na sama. Na sama ya zo, ya nemi na fiffike a kan farar takarda. Sannan ya ce ta ajiye tsinken ashana kusa da shi don a ga tsawonsa. Kowane hoto yana zuwa da gaisuwa, gaisuwar kuma tana ƙara tsawo. "Yarinya ta ce wai jirginta ne, ta hana a share." "Yau wuta ta ɗauke, da fitilar waya na ɗauka, ka yi haƙuri." A hoton ashana hannunta ya fito. Faratan uwarta ne sak, ga kuma tabon nan a babban yatsa, inda wuƙar buɗe agogo ta yanke ta tana ƙarama, a kan wannan teburin da yake zaune.

Da yamma yakan rufe shago ya taka zuwa gida, ɗaki da falo a bayan wani gidan haya. Kofi biyu ke rataye, ɗaya yake saukewa. Ya sha shayi a tsaye, ya zauna bakin gado ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ba tururuwar yake kallo ba. Ya san inda fenti ya ɓare a bangon ɗakin jikarsa. Ya san an wanke labulen ran nan, don launinsa ya ƙara haske.

A nan ne kuma shari'ar take tashi, shi ne alƙali, shi ne wanda ake tuhuma. Ya yi ƙarya? Bai yi ba. Bai taɓa cewa hoton gefe zai warware komai ba, cewa ya yi ta ɗauko. Amma wanda ya miƙa maka kwando ya ce ka ɗebo ruwa, shi ma bai ce kwandon zai cika ba. Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. In maza suna fitowa da yawa a cikin ɗaki, ba mamaki gidansu yana nan kusa, a katakon taga ko a silin. Su kuwa sun fi son katakon da ruwa ya riga ya taɓa. Jiƙaƙƙen katako a saman gadon yarinya. Sai ya ce wa kansa ƙila daga bishiyar waje suke shigowa, hasken fitila ke jawo su. Ƙila ma irin masu zama a ƙasa ne. Tururuwa kuma ba ta gaggawa, ba a mako take kayar da gida ba. Duk wannan yana iya zama gaskiya. Sai dai ya lura mutumin da bai taɓa yarda ya faɗi abu a kan ƙila ba, yau a kan ƙila yake kwana yake tashi.

Rannan da hantsi ƙanin marigayiya ya leƙo. Direban tasi ne, mai faɗin baki, yakan zo da hujjar igiyar agogonsa ta saki, alhali dubawa yake ko mijin yayarsa yana numfashi.

"Sarkin Tururuwa, yau wa ka yanke wa hukunci?" Ya sunkuya ya shigo, ya ja kujerar baƙi. "Wannan kuma hannun wa nake gani? Ai wannan tabon na san shi."

"'Yarka ce. Tururuwa ta dame su."

"Ita ta turo maka? Da kanta?" Direba ya karɓi wayar ya yi ta ja. "Hotuna har haka? To wane iri ne, malam?"

"Ba a ganewa daga hoto."

"Ka faɗa mata?"

Mai Agogo ya ɗauki hantsaki ya kama gyara igiyar da ba abin da ya same ta.

Direba ya yi dariya har ya bugi kai da siminti. "Ashe kai ma ɗan hannu ne. Mu ma muna yi. In ka ɗauki baƙon da bai san gari ba, hirarsa ta yi maka daɗi, sai ka ɗan zaga da shi. Amma fa ni a ƙarshe ina sauke mutum."

"Ban ce mata komai na ƙarya ba."

"Ni ma ba na ce wa fasinja hanyar nan ce mafi kusa. Shiru nake yi in tuƙa." Ya mayar masa da wayar. "To ka zaɓi suna ɗaya cikin dogayen sunayen nan naku ka ba ta mana. Wa zai ƙaryata ka, tururuwar?"

"In na ba ta sunan masu zama a ƙasa alhali na katako ne fa?"

"To ka ce sai ka zo ka gani da idonka. Ga mota, in kai ka har ƙofa."

"Ba sai na je ba. Ita ma za ta iya nemo ma'aikatan, kowane kafinta zai iya ƙwanƙwasa katako. In na ce sai da ni, na yi ƙarya."

Direba ya dube shi ya girgiza kai. "Wallahi yayata ta yi haƙuri. Mutum a ce masa ga ƙofa a buɗe, ya ce sai ya auna faɗinta. Kai a zatonka duk garinsu ba mai maganin ƙwari ne ta tsallake su ta nemo ka? Ruwa ba ya tsami banza." Ya ɗaura agogonsa ya miƙe. "Na tafi. In ka mutu a nan agogunan nan ba za su gaya wa kowa ba, ka riƙa ɗaga waya."

Da ya fita, shagon ya ƙara yin shiru fiye da kafin ya zo.

Da safe wani hoton ya iso ba tare da ya nema ba. "Yau sun fi yawa." Maza birjik a bakin taga. Ya zuƙo gefe kamar yadda ya saba, yana neman takalmin. Babu shi, an ɗauke. A inda yake ajiye a da, daidai ƙasan katakon taga, kan ƙarfen gadon, akwai wani ɗan tsibi mai launin ƙasa-ƙasa, kamar abin da ke zubowa in an feƙe fensir.

Garin katako. Tururuwar katako ba ta cin itace, fafewa take yi ta turo dusar waje. Duk wanda ya yi wata guda a shafin ya san wannan.

Ya koma baya da sauri, hoton ashana, na sama, na gefe, har na farko. Tsibin yana nan tun ranar farko, ƙarami, manne da ɗan jan takalmin. Ya kalli wannan kusurwar fiye da yadda ya kalli komai a shekarun nan, ya san inda zaren takalmin ya tsinke, amma bai ga garin katakon ba. Da baƙo ne ya ɗora hoton a shafi, da kafin shayinsa ya huce ya gani.

Bai rubuta ba. Ya danna kira.

"Baba? Lafiya?" Muryarta ta fito da tsoro, don ba ya kira.

"Lafiya lau, Uwata. Kina ɗakin yarinya? Ki ja gadon nan daga jikin taga, yanzu. Akwai garin katako a kan ƙarfen, ta hagu."

"Wannan ƙurar? Kullum ina gogewa tana dawowa."

"Ba ƙura ba ce. Ki ƙwanƙwasa katakon da ke sama da ita."

Ya ji takunta, ya ji wata 'yar murya tana tambayar wane ne, aka ce mata kakanki ne, tsaya. Sannan ƙwanƙwasawa. Ko ta waya ƙarar ta fito holoƙo, kamar an bugi busasshiyar ƙwarya.

"Gidansu yana ciki," in ji shi. "Ruwa na shiga katakon daga wani wuri. Ki gaya wa babanta a kira kafinta yau, a duba har silin."

"To. Irin nasu fa? Hoton fiffiken bai yi ba ne?"

Ya dubi agogunan bango. Ba wanda ya taimake shi.

"Ba a gane irin namiji daga hoto. Ko za ki yi shekara kina turowa."



"Na sani, Baba."

"Kin sani?"

"Na daɗe ina leƙa shafin nan naku. Baba A-Nemo. Kowa abu ɗaya kake gaya masa. Da na ga ni ba ka gaya min ba, sai na ce bari in ci gaba da turowa." Ta ja numfashi. "Wannan na sani. Abin da ban sani ba shi ne maganar katakon. Kai tun yaushe ka san zai iya zama haka?"

Amsa mai sauƙi tana nan a bakinsa: yanzu na ga garin. Gaskiya ce ma. Sai dai ba ita aka tambaye shi ba.

"Tun hoton farko na san zai iya. Ban tabbata ba."

"Ba ka tabbata ba," ta ce a hankali. Ba faɗa a muryar, da ma faɗan ne da ya fi sauƙi. "Bari in ja gadon."

Kwanaki suka wuce ba saƙo. Ya ci gaba da buɗe shago, yana sa batir, yana gaya wa baƙin shafi su nemo ma'aikata. Wayar na kife a kan tebur, in ta yi ƙara ya ɗaga, ya tarar kamfanin layi ne ko Direba. Da yamma bai ƙara buɗe hotunan ba. Yana ta auna abu ɗaya bai samu ma'aunin ba: da ya faɗi komai a ranar farko, da magana ta mutu a layi uku, da bai san tana leƙa shafin ba har ya koma ga Allah. Da kuma katakon ya faɗo fa? Bai faɗo ba. Amma ba shi ya riƙe shi ba.

Sai ga hoto wata azahar. An ciro katakon taga an kwantar a ƙasa, cikinsa duk hanyoyi ne masu santsi kamar an goge da yashi. Ma'aikata sun watsu a kai, manya da ƙanana, a fili tar. "Kafinta ya ce ta saman taga ruwa ke shiga. Silin lafiya. Ya canza katakon. Ga ma'aikatanka."

Ya maƙala gilashi a ido duk da hoto ba ya buƙatarsa. Siffar kan, jan da ke kafaɗa, gashin kumatu. Ba wata tantama. Ya rubuta mata dogon sunan harafi-harafi, ya ƙara da cewa irin masu son jiƙaƙƙen katako ne, tunda an toshe ruwan da wuya su dawo.

"To. Na gode, Baba."

Shi ke nan, tambaya ta samu amsa. Lokacin tashin maza ma ya wuce, sai baɗi. Ba sauran abin da za ta ɗauka, ba sauran abin da zai nema.

Ya daɗe yana riƙe da wayar. Wani ya leƙo ya tambaya ko ana gyara agogon bango, ya ce gobe. Sannan ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa, ya tura kafin alƙalin da ke cikinsa ya zauna: "Uwata, ina son in zo in ga yarinya. Ban san ko kina so ba."

Alamar ta karanta ta fito. Ba amsa. Ya ɗauki wani agogo ya buɗe bayansa, ya tarar shi ne wanda ya gama jiya, ya rufe.

Rana ta karkata, hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin matakala ya kai ƙafar tebur, sannan wayar ta yi ƙara. Hoto ne, ba ko kalma ɗaya tare da shi. Sabuwar taga, katakon ko fenti ba a yi masa ba. Amma wannan karon daga bakin ƙofa aka ɗauka, ɗakin gaba ɗaya ya fito: labulen ruwan ƙwai, gadon a ɗaya bangon, wata 'yar yarinya ta ba da baya tana ɗage tana leƙen waje, takalmi ɗaya a ƙafa.

Ya zuƙo bakin tagar don sabo. Ba tururuwa ko ɗaya. Ya bi kusurwoyin duka, ya duba ƙasa, ya duba silin, ya koma kan yarinyar. Zo ake nufi, ko kuwa ga ta nan ka gani daga inda kake? Ya juya shi ta kowace fuska kamar yadda yake juya mazan nan, ya san wannan ma ba a hoto ake gane shi ba.

Ya cire gilashin daga ido ya sa a aljihu. Ya bi agogunan bango ya murɗa makullin masu buƙata, don kada su tsaya in ya kwana biyu bai zo ba, sannan ya nemo lambar Direba.